Ƙadangaren da Aka Ba Malam Riƙo

Ranar da Mannir ya sauke akwatin gilashin nan daga bayan mota a ƙofar gidan Malam Badamasi, rabin unguwar ya fito kallo. Mutanen Batsari kuwa, in dai kallo ne, ba sai an raba musu goron gayyata ba. Shekarar da aka cire tallafin mai ce, lokacin da tiyar gero ta gagari mai albashi balle wanda ba shi da shi, sai ga shi an kawo ƙadangare a mota, da fitilunsa, da robobin maganinsa, har da takardar yadda za a yi masa hidima. Wani tsoho ya leƙa, ya ga dabbar ta baje a kan dutse kamar wadda ta biya kuɗin haya, ya ce lallai duniya ta zo ƙarshe, ya wuce masallaci.

Daudu, mahaifin Mannir, yana zaune a kan tabarma a bakin zaure, bai motsa ba. Ba don ba ya son gani ba. Mannir ɗan farinsa ne, Bafulatanin da ya san kansa kuwa ba ya rawar jiki a kan ɗan fari. Ba ya kiran sunansa, ba ya yabonsa a gaban mutane, in ya dawo daga tafiya ba ya tsare shi da ido. Shekara talatin da biyu Daudu yana riƙe da wannan kunya bai taɓa sakinta ba. In zancen Mannir ya kama, sai ya ce "yaron nan", ko kuma "ɗan gidan Malam".

Ɗan gidan Malam ɗin ba ƙarya ba ne. Tun Malam Badamasi yana saurayin malamin firamare a Darini, yana zuwa rugar su Daudu shan nono, suka ƙulla aminci. Da Mannir ya kai shekara bakwai aka kai shi gidan Malam don ya yi boko. A can ya tashi, Malam yake kira Baba, shi kuwa Daudu ya tsaya a Baffa. A da abin bai taɓa damun Daudu ba. Mutumin da yake da shanu saba'in da ɗoriya, wanda ake tasowa daga Karare, har daga ƙasar Safana, a ɗauke shi ya je ya duba saniyar da ta ƙi kiwo, ina ruwansa da wanda aka kira Baba? Sai da ɓarayin daji suka kore garken kaf a yini ɗaya, shekara uku da suka wuce, ya kwaso matarsa Inno suka dawo Batsari, Malam ya ba su ɗaki biyu a bayan gidansa. Tun daga lokacin kalmar Baban nan ta fara taɓa shi. Shanu sun tafi, gona ba ta shiguwa, abin da ya rage masa a duniya shi ne sanin dabba, kuma yana son ɗansa ya san cewa wannan ɗin yana nan.

Mannir malamin dabbobi ne a Safana. Ƙadangaren na maigidansa ne, wani likitan dabbobi da ya koya masa aiki, wanda ya samu aiki a ƙasar waje ya bar masa shi amana. Irin na Ostareliya ne, mai faɗin ciki, launin rairayi, da wasu ƙayoyi a ƙarƙashin haɓa da suke kumbura su yi baƙi in ransa ya ɓaci, shi ya sa ake ce masa mai gemu. Yanzu kuma an tura Mannir kwas na wata biyar a Jos, sai ya kawo shi gida. Gida kuwa, a nan take Daudu ya gane, zauren Malam ake nufi.

Daga inda yake zaune yana jin komai.

"Baba, ƙwan fitilar biyu ne," in ji Mannir. "Wannan mai zagaye na ɗumi ne, dogon nan na haske. Da safe a kunna, da magariba a kashe. Solarka za ta ɗauka. Wannan farin garin na ƙarfin ƙashi ne, kalsiyam, a barbaɗa mashi a kan fara ko gyare kafin a ba shi. Wannan ƙaramar robar bitamin ce, sau ɗaya a mako. Ganye kuma, zogale ko na kabewa, a yanka ƙanana."

"To, to, dakata in rubuta," in ji Malam, yana gyara tabarau. Shekara talatin da biyar ya yi yana koyarwa, har ya yi hedimasta, ko saƙon cefane aka ba shi sai ya rubuta.

Da suka gama, Mannir ya fito ya durƙusa nesa kaɗan da tabarma, kansa a ƙasa.

"Baffa, zan kama hanya. A sa mu a addu'a."

"Allah shi tsare," in ji Daudu, yana kallon wani wuri.

Ya jira. Kalma ɗaya yake jira, ko da a ce, Baffa, ka riƙa leƙa shi. Mannir ya tashi, ya shiga ciki ya sallami Inno, ya fito ya hau mota. Ba a ce ba.

Kishi ne ya kama Daudu, ba wani abu ba, kuma shi kansa ya san sunan abin. Ya ji kunyar kansa ƙwarai. Dattijo mai furfura, wanda ya taɓa juya ɗan maraƙi a cikin uwarsa da hannu ɗaya, yau yana jin zafi don ba a ba shi riƙon ƙadangare ba. Da an ba shi ma, wataƙila da ya yi tsaki ya ce an raina shi. Amma zuciya ba ta san wannan lissafin ba. Dabba ta shigo gidan, mai rai, mai ci, mai buƙatar a lura da ita, kuma ɗansa na cikinsa ya tsallake shi ya miƙa ta ga mutumin da ko kaza bai taɓa kiwatawa ta yi ƙwai ba.

Malam kuwa ya ɗauki abin da gaske. Ya raɗa wa ƙadangaren suna Baƙo. Kullum da hantsi za ka gan shi a bayan makarantar firamare, ya naɗe ƙafar wando, yana bin fara a cikin ciyawa da leda a hannu, tsohon hedimasta guda. In ya dawo sai ya zuba farin garin a ledar, ya girgiza har farar ta yi fari fat, sannan ya miƙa wa Baƙo ɗaya bayan ɗaya. Mutane suna zuwa kallo, shi kuma yana ba su darasi kyauta, yadda ƙasar Ostareliya take, da dalilin da ya sa wannan ba ɗaya yake da jangwalgwadan da ke kan katangarsu ba. Daudu yana gefe a kan tabarma, yana jan carbi da ƙarfin da carbi bai saba ji ba.

Sau ɗaya ya sa baki, a mako na biyu, zaure cike da mutane.

"Malam, wanga dabba, da ka riƙa hidda shi shina shan hantsi. Duk abin da ke da ƙashi shina son rana."

Malam ya yi dariya, irin dariyar da ya saba yi masa shekara arba'in ba tare da nufin komai ba. Ardo yake kiransa tun zamanin ruga. "Haba Ardo! Wannan ba nagge ba ce. Ga ranarshi nan a cikin akwati, Bature ya riga ya ƙera mashi. Takarda ba ta ce a fidda shi ba. In shaho ya sure shi, mi zan ce ma Mannir?"

Aka yi dariya. Wani ya ce Ardo yana son ya kai shi mashaya. Daudu ma ya murmusa, don fulako bai yarda a ga ɓacin ranka a fuska ba. Amma daga ranar ya ɗaure bakinsa a kan zancen Baƙo.

A tsakiyar watan Agusta aka yi wani ruwa mai tsawa, dogon ƙwan ya yi ƙyaf-ƙyaf ya mutu. Malam bai ga dalilin tayar wa Mannir hankali a kan ƙwan fitila ba, yaro yana can yana karatu. Ranar kasuwa ya je ya sayo wani dogo fari, ya ɗaura, ya ja da baya yana yaba shi. "Ya ma fi na da haske," in ji shi. Ya kuma matsar da akwatin kusa da taga mai gilashi, don a samu ƙari. Bayan haka laimar damina ta shiga robar farin garin, ya dunƙule ya yi wari, dole aka zubar. A nan ma Malam bai rasa dabara ba. Ya ɗauko ragowar allin da ya baro aiki da shi, ya niƙa shi lilis. Alli ai kalsiyam ne, in ji shi, shekara nawa yana koya wa 'yan aji shida hakan.

Daudu ne ya fara gani. Wata safiya, Baƙo ya ɗaga ƙafar baya zai hau dutsensa, 'yan yatsun suka yi rawa, rawa ƙarama wadda in ka ƙifta ido ta wuce ka. Bayan kwana kaɗan ya lura dabbar ta daina ɗaga cikinta daga ƙasa in tana tafiya, jan sa take yi. Sai kuma ta fara kai wa fara cafka tana kuskurewa, in ta kama ma sai farar ta zame, bakin ba ya rufuwa da ƙarfi kamar da. Malam yana gani yana cewa Baƙo ya ƙoshi ne, ya fara yanga.

Daudu bai san sunan ciwon a takarda ba, amma ya san ciwon. Ya gan shi a jikin 'yan maruƙan da aka tsare a bukka wata da watanni don tsoron ɓarayi, ƙafafunsu suka lanƙwashe, gwiwa ta kumbura. Ya ga shanu a tsakiyar rani suna tauna tsohon ƙashi a bakin rafi, ya san abin da jikinsu yake nema. Maganin ma ya san shi, don ba wani ɓoyayyen abu ba ne: hantsi na gaske wanda ba gilashi tsakani, kullum, da garin ƙashin da aka ƙona. Fitilar kasuwa haske kawai take bayarwa. Ƙadangarun gari da suke jeruwa a kan katanga kowace safiya ba don nishaɗi suke yi ba.

Ya je wajen mahauta ya roƙi ƙashin ƙafar sa. Ya ƙona shi a murhun Inno har ya yi fari, ya daka a ƙaramin turminta, ya tankaɗe, ya ƙunshe a takarda ya sa a aljihu. Inno tana kallonsa. Niyyarsa mai kyau ce, a gaskiya. Abu ɗaya kawai yake so: a tambaye shi. Ya riga ya tsara yadda abin zai kasance. Malam zai rasa yadda zai yi, ya juyo ya ce, Ardo, taimaka mani. Shi kuma ya ciro ƙunshin a hankali. In Mannir ya bugo waya, Malam da bakinsa zai ce, ai Baffanka ne ya gano, da ba don shi ba da an yi asara.

Mannir yana bugowa duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci, a wayar Malam, don Daudu ba ya riƙe waya. Malam kunnensa ya fara nauyi, saboda haka a lasifika yake sa ta, kowa yana ji. Sai su yi kusan rabin sa'a suna hira, zancen kwas, zancen sanyin Jos, zancen Baƙo. A ƙarshe a miƙa wa Daudu.

"Baffa, ina wuni."

"Lahiya."

"Ya Inno?"

"Lahiya lau."

"To madalla."

Shi ke nan, a mayar wa mai waya wayarsa. Haka aka saba, haka ya kamata, kuma Daudu ne da kansa ya gina wannan katangar. Amma a Juma'ar da ƙunshin ya cika kwana shida a aljihunsa, ya ji Malam yana cewa, "Ai Baƙo ya zama ɗan gida, ni da shi sai Allah. Lafiyarshi ƙalau, har ƙiba ya yi." Mannir ya yi dariya daga can, dariyar da Daudu bai taɓa jin an yi masa irinta ba, ya ce, "Ai shi ya sa na kawo maka, Baba. In abu yana hannunka ba ni da fargaba."

Daudu ya tashi ya zaga bayan gida. Ya ciro ƙunshin, ya warware, ya watsa wa kajin maƙwabta garin. Suka taru suna tsattsaga, shi kuma ya tsaya yana kallonsu har suka cinye. To, tunda a hannunsa babu fargaba, sai a bar shi a hannunsa.

Bayan kwana huɗu abin da ya yi ta jira ya zo, sai dai ya zo a makare, kuma ba kowa a zauren sai su biyu. Malam ya daɗe a tsaye a kan akwatin, hannu a ƙugu.

"Ardo, zo ka duba mani mana. Kwana biyu kamar ba ya son tashi. Ko sanyin damina ne? Kai ka san dabba."

Daudu ya taso ya sunkuya. Baƙo yana kwance a ƙarƙashin fitila, ƙafafun baya a miƙe, haɓar ƙasa ta ɗan ja baya ta bar leɓe a buɗe. Cinyar hagu ta kumbura, abin da Malam yake kira ƙiba. Dabbar ta juyo da ido ɗaya ta dube shi. Duk abin da ya kamata a faɗa yana kan harshensa, bai fi jimla uku ba. Amma "kai ka san dabba" ɗin nan a kunnensa kaɗai aka faɗe ta, ba a lasifika ba, ba a gaban waɗanda suka yi dariya ba.

"Ni ban ga komi ba," in ji Daudu. "Ƙadangare ne, kwanciya aikinshi ce."

"Alhamdu lillahi," in ji Malam, ya sauke ajiyar zuciya. "Tunda kai ka ce haka, hankalina ya kwanta."

Wannan ita ce ƙaryar, kuma ba ƙarama ba ce. A ruga, in ka ga saniyar wanda ba ku ga-maciji da shi tana ɗingishi, sai ka aika a faɗa masa, ko da ba za ka gaishe shi a hanya ba. Daudu ya tashi a kan wannan, ya hori wasu a kan wannan. Ga shi yau amininsa na shekara arba'in, mutumin da ya ba shi ɗaki ranar da ba shi da inda zai sa haƙarƙarinsa, ya tambaye shi da zuciya ɗaya, ya dubi idonsa ya rufe shi.

Inno ce ta tare shi da yamma, tana tsince wake a faifai. Ita ma ba ta kiran sunan Mannir, amma bakinta ba ya jin kunyar mijinta.

"Ƙashin da ka daka mani a turmi, ina ya tahi?"

"Kaji sun ci."

"Kaji." Ta ci gaba da tsinta. "Na leƙa dabbar nan jiya da zan wuce. Ni da ba ni da idonka na ga ba daidai take ba."

"To ki je ki hwaɗa ma mai takarda."

"Ni ba ni shiga zauren maza in koya masu kiwo, mijina na zaune. Kai za ka hwaɗa. Amanar yaron nan ce."

"Ba ni ya ba ba."

Ta ɗago ta dube shi. "Ashe nan ne ke maka ciwo. Tsohon banza, kana kishi da Malam a kan ƙadangare. Rai ne fa, Daudu. Bai ci maka komi ba."

"Gobe," in ji shi, don ta ƙyale shi.

Da gaske ya so ya faɗa goben. Sai dai ƙarya tana da nata ɗaurin. Da bai ce komai ba tun farko, da yanzu sai ya ce ya lura. Amma ya riga ya sunkuya ya duba ya ce bai gani ba, in ya dawo ya ce a fitar da shi rana, a ƙona ƙashi, Malam ba yaro ba ne, zai tambaye shi tun yaushe ya sani. Gobe ta zama jibi, jibi ta zama mako. Sau biyu ya yi niyyar ya saci jiki ya fitar da dabbar hantsi in Malam ya tafi neman fara, amma Malam yana kulle zauren, don tsoron yara. Daudu ya rage zama a bakin zaure. Ya koma zama a gindin dalbejiyar da ke tsallaken hanya, inda ba ya hango akwatin, ya ce iska ta fi kaɗawa a can.

Malam da kansa ya gane akwai matsala a ƙarshen damina, lokacin da Baƙo ya daina cin fara sam, sai an matsa masa ganye a baki. Ya ƙara alli. Ya ƙara bitamin. Ya sayo ƙwan fitila na uku ya ɗaura don ɗumi ya ƙaru. A waya kuma ya kasa faɗa, kullum sai ya ce da sauƙi, ɗan rashin cin abinci ne, don shi ma yana da nasa girman kan, kuma yana sa ran kafin yaron ya dawo abin zai warware. Ya rame. Ya daina ba mutane darasin Ostareliya. Daudu yana ganin haka, kuma, Allah ya yafe masa, akwai ranakun da abin ya yi masa daɗi.

Mannir ya dawo ana tsakiyar girbin gero, ranar wata Talata bayan azahar. Ya gaida mahaifinsa a gindin dalbejiya, daga nesa kamar kullum, ya shiga zaure. Daudu ya kasa zama. Ya tsallako ya zauna a tsohon wurinsa a bakin ƙofa, inda yake jin komai.

Da ya saci kallo, ya ga Mannir ya ɗauko Baƙo a tafin hannu, yana taɓa haɓarsa da ɗan yatsa, haɓar tana lotsawa kamar roba. Gadon bayan ya karkace, wutsiya ta yi gwiwa biyu. Mannir ya ɗaga kai ya dubi dogon ƙwan, ya karanta rubutun jikinsa.

"Baba, wannan ba shi ne na bari ba."

"Tsawa ta kashe wancan tun Agusta. Na sayo wani."

"Innalillahi." Mannir ya zauna a ƙasa da dabbar a cinyarsa. "Wancan ba fitila ba ce kawai, Baba. Wani haske yake fiddawa irin na rana, shi ke sa jiki ya ɗauki kalsiyam. In babu shi, ko buhu ya ci, banza ne. Gilashin taga kuma tare shi yake yi. Da fidda shi waje aka riƙa yi da safe, ko rabin sa'a, da ya wadatar."

"Zai tashi?" in ji Malam.

"Zai iya rayuwa. Amma ƙashin da ya lanƙwashe ya lanƙwashe ke nan."

Malam Badamasi ya cire tabarau, ya share ido da bakin riga. Ya ce shi ne ya ci amana, shi ne ya ɓoye, ya yi ta faɗa yana maimaitawa. Ga shi nan, abin da Daudu ya yi wata da watanni yana jira: mai takarda ya faɗi a gaban yaron. Ya saurari zuciyarsa ya ji ko daɗin zai zo. Kafin ya zo, sai ya ji Mannir yana cewa, "Haba Baba, daina. Laifina ne, ni ne ban yi maka bayanin ƙwan ba, na yi ta sauri. Wata biyar kana bin fara a ciyawa saboda ni. Wa zai yi mani haka?" Ya dafa gwiwar tsohon. Ko faɗuwar ma ta ƙara haɗa su ne.

"Na so in gane da wuri," in ji Malam, yana jan hanci. "Wallahi na so. Har Ardo na kira ya duba mani, tun ciwon bai yi nisa ba. Shi ma ya duba da kyau ya ce bai ga komi ba. Shi ya sa na saki jiki."

Mannir ya ɗago kai.

"Baffa ya duba?" in ji Mannir. "Ya ce bai gani ba?"

"Ya sunkuya a kanshi, kamar yadda kake ɗin nan."

Daudu ya ji an ajiye dabbar a cikin akwati. Ya ji takun ƙafa. Mannir ya fito, bai tsaya nesa inda ya saba tsayawa ba, ya zo har bakin tabarma ya durƙusa, gwiwarsa tana taɓa gefenta. Sannan ya yi abin da bai taɓa yi ba, ya ɗago ya dubi mahaifinsa a tsakiyar ido, ya daɗe yana dubawa. Daudu ya shirya jin kowace irin magana. Ya san ya cancanta.

"Baffa, ka gafarce ni da tambaya," in ji Mannir a hankali. "Ni na san ka. Ciwon nan, ko daga bakin ƙofa ka hange shi sai ka gane. Kuma na san da ka gani da ka faɗa, ko dabbar maƙiyinka ce, balle ta Baba." Sannan ya ce, "Tun yaushe idon ya fara yi maka dishi-dishi?"

Babu zargi a fuskar yaron ko kaɗan, tausayi ne zalla. Hanya biyu ce a gaban Daudu, kuma ya gan su sarai. Ko ya ce idonsa garau yake, ɗansa ya san irin mutumin da ya haife shi. Ko ya bar masa uban da yake zato, ya ba da idon. A tsallaken hanya wata akuya tana cin ƙaiƙayi a gindin dalbejiya, daga nan inda yake zaune yana hango kaska biyu a bayan kunnenta na dama.

"Tun farkon damina," in ji Daudu.

"Shi ne ba ka faɗa ma kowa ba?" Idon Mannir ya kawo ruwa. "Dama na yi magana da wani a Safana a kan karsana biyu, na ce in na dawo in kawo maka ka samu abin yi. Amma kiwo sai da ido. Bari wannan ya tsaya tukuna. Jibi mu tafi Katsina a duba, wataƙila yanar ido ce, ana cire ta."

Malam ya fito daga zaure yana salati, yana cewa shi ma dama ya lura Ardo ya daina zama inda ya saba, ashe abin da ke damunsa ke nan, ya yi ta ba shi haƙuri a kan ya sa shi duba abin da ba ya iya gani. Inno tana tsaye a bakin ƙofar cikin gida da ƙwarya a hannu. Ta dubi mijinta sau ɗaya, ta juya ta koma ciki.

Aka kira la'asar. Daudu ya yunƙura zai tashi, Mannir ya riga shi miƙewa, ya kama shi a gwiwar hannu. Suka nufi masallaci a hankali, mutanen unguwa suna kallo, ɗan yana gaba da rabin taki.

"Akwai dutse a nan, Baffa. Ɗaga ƙafa."

Daudu yana ganin dutsen, har da tururuwar da ke bin gefensa. Ya ɗaga ƙafa.